Matan Cebu Da Suka Ƙi Kawar Da Kai

'Yar'uwa mai karatu, ki ɗauka dare ya raba, sai ki ji ihun maƙwabciyarki daga bayan katanga, mijinta na jibgarta. Me za ki yi? Da yawa juyi za su yi a kan gado, su ce ba a shiga tsakanin miji da mata.

Haka abin yake a da a unguwannin talakawa na birnin Cebu, a ƙasar Filifin. Kuma kin san matan can suna da wani ƙarin nauyi: babu dokar saki a ƙasar, in ban da Musulmi da dokarsu ta 1977 ta ba su wannan dama. Mace in ta haɗu da mugun miji, fita ba ƙaramin aiki ba ne.

A shekarar 1992 ƙungiyar Lihok Pilipina ta fara wani shiri mai suna Bantay Banay, wato masu gadin iyali. Mutanen unguwa ne, galibinsu mata, aka koya musu yadda za su kai ɗauki. In an ji duka, sai su taru su je su ƙwanƙwasa ƙofa. Su kai matar asibiti, su samo mata inda za ta kwana, su raka ta wajen 'yan sanda don kada a raina ta. Ni abin da ya fi burge ni shi ne rakiyar nan, domin wallahi mace da kumburarren ido ba ta iya tsayawa ita kaɗai gaban hukuma ta yi bayani.

Irin wannan fafutuka, da matsin lambar ƙungiyoyi kamar GABRIELA da aka kafa a 1984, ta taimaka aka yi doka mai lamba 9262 a 2004. Dokar ta ba shugaban barangay, kamar dai mai unguwa a nan amma zaɓarsa ake yi, ikon rubuta takardar kariya ta kwana 15 da ke hana mijin sake dukanta ko yi mata barazana. Ta kuma haramta masa matsa wa matar ta yi sulhu, wato ba damar ya ce "yi haƙuri ki koma ɗakinki". In kwana 15 ba su isa ba, sai ta nufi kotu neman kariya mai tsawo.