Kujerun da Aka Kafe a Ƙasa: Yadda Ginin Aji ke Hana Ɗalibai Karatu Tare

Duk lokacin da aka buɗe sabon zauren lacca a wata jami'ar Najeriya, labarin ɗaya ne: mai cin mutum 500 ne ko 1,000, asusun TETFund ne ya gina, shugaban jami'a ya yanke ƙyalle, an tafa. Ba a cika jin wanda ya tambayi yadda za a yi karatu a ciki ba. Kujerun an jera su sahu-sahu, an ɗaure su da noti a siminti, kowa na kallon ƙeyar na gabansa. Ɗalibin da ya waiwaya don ya tambayi abokinsa abin da ya shige masa duhu, sai a ce yana surutu.

Wannan fahimtar ce ta fi komai ɓarna: wai aji nagari shi ne wanda ya yi tsit, malami na zuba, ɗalibai na kwafa. An gwada wannan magana, kuma ba ta tsaya ba. A 2014, Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi. Inda ake lacca zalla, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ne ke faɗuwa. Inda ake sa su tattaunawa da warware matsala tare, faɗuwar ta tsaya wajen kashi 22. A aji mai mutum 500, wannan tazara ta kai ɗalibi 60, 'ya'yan mutane da iyayensu suka sayar da amfanin gona suka biya musu kuɗin rajista.

Masu kare tsohon tsari kan ce ai ɗaliban ma sun fi son lacca. Gaskiya ne, sun fi so. A 2019 an gwada wa ɗaliban fiziks na Jami'ar Harvard hanyoyin biyu. Waɗanda suka saurari lacca mai daɗi sun ce sun fi ganewa, amma da aka zo gwaji, waɗanda suka sha wuyar aiki a rukuni ne suka fi cin maki. Daɗin sauraro yakan ruɗi mutum ya zaci ya iya. Ko a cibiyar fasaha ta MIT, da aka sauya tsarin koyar da fiziks na 'yan aji ɗaya a farkon shekarun 2000, sai da ɗalibai suka rubuta takardar koke. Jami'ar ba ta janye ba.

Abin haushin shi ne dabarar ba baƙuwa ba ce a nan. Almajiran zaure sun daɗe suna zama a da'ira suna muraja'a, wannan ya karanta wancan ya gyara masa. Jami'a ce ta zo ta jera kowa kamar fasinjojin bas.

To, yaya ɗakin da ya dace yake? Robert Beichner na Jami'ar Jihar Carolina ta Arewa, a Amurka, ya fara tsara irinsa tun shekarun 1990, ya sa masa suna SCALE-UP. Tebur ne mai zagaye, faɗinsa wajen mita 2, mutum tara a kai, an raba su uku-uku. Uku ɗin da gangan ne: idan rukuni ya yi yawa, wani zai laɓe ya bar wa sauran aiki. Malami ba shi da dandamali a gaba. Mazauninsa na tsakiyar ɗaki, yana zagayawa tebur-tebur. Bango kuwa allo ne ta ko'ina.

Babu abin da kafintan unguwa ba zai iya ƙerawa ba a cikin wannan. Majigi da kwamfuta ƙari ne, kuma inda wuta ke ɗaukewa sau da yawa, allo da alli sun fi amana. Masu tsara gini su fara da shimfiɗaɗɗen daɓe maimakon mai hawa-hawa, da kujeru marasa nauyi da za a iya juyawa. A sa silin mai shanye ƙara, domin mutum 90 na magana a ƙarƙashin kwano tsirara hayaniyar kasuwa ce. A buɗe tagogi ta ɓangarori biyu saboda zafin Maris da Afrilu. A sa soket kusa da kowane tebur, da fitilar sola, tunda yawancin karatun rukuni da dare ake yinsa, sannan a haskaka hanyar da ɗalibai mata za su bi su koma ɗakunan kwanansu. Laburare ya ware ƙananan ɗakuna inda aka halatta magana. Bencin ƙarƙashin darbejiya ma a kafa shi biyu-biyu suna fuskantar juna.



Tsofaffin zaurukan kuma ba sai an rushe su ba. Idan akwai sarari, a riƙa barin sahu ɗaya babu kowa bayan kowane sahu biyu, malami ya sami hanyar ratsawa. Eric Mazur na Harvard a irin wannan zaure ya fara tasa dabarar a farkon shekarun 1990: ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ga maƙwabcinsa su yi gardama na minti biyu ko uku, a sake zaɓe.