Dangwalen Waya: Me Ya Jefa Matasan Arewa Cikin Haƙar Kirifto?

A tsakiyar shekarar 2024, da wuya ka wuce majalisar matasa a Kano, Kaduna ko Gusau ba ka ga kawuna a sunkuye ba, yatsu na ta dangwalar fuskar waya. Tela ya ture keken ɗinki gefe yana dangwale, mai shayi na juya kofi da hannu ɗaya yana latsawa da ɗayan, matan aure ma a cikin gidaje ba a bar su a baya ba. Kowa jira yake "ta fashe", wato dangwalen ya zama kuɗi.

Notcoin ce ta kunna wutar. Wasa ne a manhajar Telegram, mutum ya yi ta taɓa hoton tsabar kuɗi yana tara maki. Da ta shiga kasuwa a watan Mayun 2024, wasu sun ciri kuɗi na gaske, unguwa ta shaida. Nan take aka yi ca a kan takwarorinta, Hamster Kombat da TapSwap, masu riƙe da kirifton Pi tun 2019 kuma suka sami bakin magana.

Masu cewa lalaci ne da son banza sun faɗi wani abu, amma sun tsallake babban dalili. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023, darajar naira ta zube, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Saurayi ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, yana zaune ba aiki ba jari, sai aka nuna masa sana'ar da ba ta neman komai sai waya da data. Wa zai ƙi? Ga shi an gina tsarin a kan gayyata, duk wanda ka jawo makinka ya ƙaru. Rukunonin WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda aka buɗe don zumunci, su suka koma wurin farautar mabiya.

Hamster Kombat ta yi iƙirarin tara 'yan wasa miliyan 300 a duniya. Ranar 26 ga Satumban 2024 da ta shiga kasuwa, akasarin masu dangwale 'yan daloli kaɗan suka tsira da su, bayan watanni ana sayen data ana biyan mai cajin waya. Riba ta tafi wurin masu manhajar, waɗanda suka tara jama'a a tashoshinsu na YouTube, sai kuma masu dubban mabiya da suka ci ladan gayyata.

Ba a tashi a tutar babu gaba ɗaya ba. Akwai matasan da ta wannan ƙofa suka koyi buɗe asusun kirifto da cinikinsa, har suke ci da kansu. Sai dai illar ta fi damuna. An saba wa mutane da tsammanin kuɗi daga sama, an kuma saba musu da miƙa hoton fuska da katin shaida ga kamfanin da ba su san inda yake ba. Wanda ya ginu a kan haka shi ne abincin ɗan damfara. Da manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe a Afrilun 2025, ba maki 'yan Najeriya suka yi asara ba, jarinsu ne da kuɗin da suka ranto.

Matashin da ya iya jure watanni shida yana bin umarnin manhaja kullum, zai iya jure koyon zanen kwamfuta ko rubuta manhaja. Gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani. Ya kamata gwamnonin Arewa su buɗe cibiyoyin irin wannan horo a kowace ƙaramar hukuma, da wuta da intanet, a kuma koyar da Hausa.