Sharuɗɗan neman digiri ta intanet a Kaduna

Duk wanda ya baro gadar Kawo ya kama hanyar Zariya, kafin ya yi nisa zai iske manyan cibiyoyi biyu na karatu daga nesa. Ta farko ita ce reshen Kaduna na Jami'ar Karatu Daga Gida ta Najeriya, wato NOUN, da ke daura da filin baje kolin ƙasa da ƙasa. Ta biyu kuwa ita ce hedkwatar Cibiyar Horas da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Rigachikun.

Nan ne ma'aikatan gwamnati da malaman firamare da 'yan kasuwa da matan aure daga unguwanni irin su Malali, Badarawa, Unguwar Rimi, Tudun Wada da Rigasa kan kai takardunsu domin a tantance, bayan sun cike fam ta intanet.

Da yawa daga cikinsu kan ɗauka cewa tun da ba a neman sakamakon jarrabawar JAMB, to babu wani sharaɗi ke nan. Lamarin ba haka yake ba. Wanda bai cika ƙa'ida ba kan yi asarar kuɗin fam, wanda kuma ya faɗa hannun makarantar da hukuma ba ta amince da ita ba, asararsa ta shekaru ce.

Dalilin karkata ga wannan hanya

Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ce a kowace shekara mutum fiye da miliyan biyu ne ke neman shiga manyan makarantu ta hanyar jarrabawar UTME da hukumar JAMB ke shiryawa, amma kimanin dubu 700 ne kawai ke samun gurbi.

Baya ga ƙarancin gurabe, akwai kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda a shekara ta 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati har tsawon wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Karatu bai tsaya a NOUN ba a wancan lokaci.

Gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ce ta kafa jami'ar a watan Yulin 1983, sai gwamnatin mulkin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a watan Afrilun 1984. Ta koma aiki ne a shekara ta 2002, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, wanda shi kansa daga baya ya zama ɗalibinta har ya sami digiri na uku a fannin ilimin addinin Kirista.

A zamanin shugabancin Farfesa Abdalla Uba Adamu, daga 2016 zuwa 2021, hedkwatar jami'ar ta tashi daga Legas ta koma unguwar Jabi a Abuja. Tana da cibiyoyin karatu fiye da 100 a faɗin ƙasar, kuma a Kaduna ne tsangayarta ta koyar da aikin gona take.

Kiredit biyar

A Birtaniya, inda aka kafa buɗaɗɗiyar jami'a a shekara ta 1969, akasarin kwasa-kwasan digiri na farko ba sa neman wata takardar shaida daga mai son shiga. A Najeriya kuwa tsarin ya sha bamban, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana auna digirin karatu daga nesa ne da ma'auni ɗaya da na sauran jami'o'i.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye da haka ba. Kiredit yana farawa ne daga A1 ya tsaya a C6. Wanda ya sami D7 ko E8 ya tsallake faɗuwa, amma ba za a ƙidaya masa darasin a cikin biyar ɗin ba.

Ana iya haɗa sakamakon hukumomi biyu, misali WAEC ta shekara guda da NECO ta wata shekarar. Haka kuma tsufan takarda ba ya hana ta aiki, abin da ya sa wanda ya bar sakandare shekara ashirin da suka wuce ke iya nema da takardarsa ta wancan lokaci.

To sai dai ba kowane darussa biyar ba ne ke wadatarwa. Dole su dace da fannin da ake nema. Mai son karanta kimiyyar kwamfuta ko aikin gona, alal misali, sai ya nuna kiredit a darussan kimiyya da sashen ya ayyana.

Shekara da shekaru, Turanci da lissafi ne suka kasance wajibi ga kowa, kuma su ne suka fi tare wa ɗalibai hanya. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sanar da sassauci: Turanci yana nan a matsayin wajibi ga kowa, amma kiredit a lissafi ya zama dole ne kawai ga masu neman fannonin kimiyya da fasaha da nazarin zamantakewa.

Wannan ya buɗe ƙofa ga masu sha'awar fannonin harsuna da adabi da addini. Duk da haka kowace jami'a tana wallafa jerin sharuɗɗan sassanta, don haka abin da ya dace shi ne mai nema ya karanta na shekarar da yake ciki kafin ya biya ko kwabo.

Batun shekaru kuwa, gwamnati ta tsayar da 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Babu iyaka daga sama.

Masu takardar Islamiyya

Tambayar da ta fi damun iyaye da dama a arewacin Kaduna ita ce matsayin waɗanda suka kammala sakandaren Larabci da Islamiyya, suka rubuta jarrabawar hukumar NBAIS.

Tushen hukumar yana komawa ne ga shekara ta 1960, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, kuma ta daɗe tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A shekara ta 2011 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da ita a matsayin hukumar shirya jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya, kuma JAMB tana karɓar sakamakonta.

NOUN tana bayar da digiri a fannin Larabci da kuma nazarin addinin Musulunci. Amma ko a waɗannan fannoni kiredit a Turanci yana nan daram, saboda haka ƙwarewa a Larabci ba ta ɗauke wa ɗalibi wannan sharaɗi ba.

Shiga daga aji biyu

Wanda yake da shaidar malanta ta NCE, ko ƙaramar difloma ta ND, ko babbar difloma ta HND, ko sakamakon IJMB, yana iya neman shiga kai tsaye daga aji biyu, in dai takardar ta dace da fannin, kuma sakamakonta ya kai matakin da sashen ya gindaya.

Wannan ya shafi dubban tsofaffin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na kwalejojin ilimi. Abin lura shi ne difloma ba ta maye gurbin kiredit biyar, sai an haɗa su biyun.

Malaman makaranta suna da wata ƙofar ta daban a NTI, wadda aka kafa a shekara ta 1976. Cibiyar tana gudanar da karatun NCE daga nesa, da difloma ta gaba da digiri a fannin koyarwa, da kuma digirin farko na malanta bisa haɗin gwiwa da NOUN.

Akwai fannonin da ƙofarsu ta fi ƙunci. Digirin aikin jinya, alal misali, an tanade shi ne ga waɗanda tuni suka zama ma'aikatan jinya masu rajista da lasisin majalisar kula da aikin jinya da ungozoma, ba ga sabon mai kammala sakandare ba.

Ga digiri na biyu, abin da aka saba nema shi ne digirin farko mai daraja ta biyu, ko da ƙaramar ce, tare da takardar hukumar NYSC. Mai daraja ta uku ko mai HND kan fara ne da difloma ta gaba da digiri.

Daga cike fam zuwa tantancewa

Ana cike fam ɗin ne a shafin jami'ar, a biya kuɗi ta hanyar Remita, sannan a shigar da sakamakon kowane darasi. Ke nan mai jiran fitowar sakamako sai ya dakata. Idan bayanan sun dace, akan sami takardar gurbi ta wucin gadi ba tare da ɓata lokaci ba.

Gurbin ba ya tabbata sai an je cibiyar karatu da takardu na asali. A nan ne matsalar bambancin suna kan kunno kai: wani takardarsa ta sakandare tana ɗauke da sunan mahaifi, diflomarsa da sunan gari, katin shaidar ɗan ƙasa kuma da wani rubutun daban. Matan da suka sauya suna bayan aure sun fi cin karo da wannan, kuma gyaran yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu.

Masu zuwa shagunan kwamfuta a cike musu fam ya kamata su zauna a wurin su duba kowane layi, su kuma tabbatar lambar waya da adireshin imel nasu ne, ba na mai shago ba.

Rashin buƙatar UTME bai raba ɗalibi da JAMB ba. Tun shekara ta 2017 hukumar ta ɓullo da tsarin CAPS, ta kuma ce duk gurbin digirin farko da bai bi ta hannunta ba haramtacce ne. Tana da rajista ta musamman ga masu karatu daga nesa, wadda ke shigar da sunan ɗalibi cikin kundinta.

Akwai kuma sharuɗɗan da ba a rubuta a fam ba: waya ko kwamfuta mai kyau, kuɗin data, da wutar caji. A NOUN, aikin gida da ake yi ta intanet yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na maki, sauran kashi 70 kuwa na jarrabawar ƙarshen zango ne, wadda aka saba zama a rubuta a cibiya.

Darajar takardar

Kafin biyan kuɗi, tambaya ta farko ita ce ko NUC ta amince da jami'ar, ta biyu kuma ko ta amince da kwas ɗin kansa.

Tarihin fannin shari'a a NOUN darasi ne. Majalisar kula da ilimin shari'a ta ƙi karɓar waɗanda suka kammala a makarantar horas da lauyoyi, har aka dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a shekara ta 2015. Sai bayan shekaru ana kai ruwa rana aka ba tsofaffin ɗaliban damar shiga, bayan wani kwas na share fage.

A ƙarshen 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran dokar jami'ar domin daidaita matsayinta da na sauran jami'o'i. Amma game da yi wa ƙasa hidima, abin da hukumar NYSC ta saba ba masu karatu daga nesa shi ne takardar keɓewa, wadda ke nuna ba sa cikin masu zuwa sansani. Magidanci ɗan shekara 40 bai damu da wannan ba, tun da wanda ya haura 30 dama ba ya zuwa. Matashi ɗan shekara 18 kuwa ya kamata ya yi tambaya tun daga farko.

Zaɓi ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyarta ta karatu daga nesa a Zariya, kuma a shekara ta 2023 an ba wasu buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, cikinsu har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato.

Haka nan masu yaudara sun ƙaru. A watan Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa yadda wakilinta, Umar Audu, ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, daga bisani kuma ta ce ta gano takardun bogi fiye da dubu 22 daga ƙasashen biyu.

Digirin farko a akasarin fannoni yana ɗaukar aƙalla shekara huɗu ga wanda ya fara daga aji ɗaya, ko a aji ake karatun ko a gida. Duk makarantar da ta yi alƙawarin ƙasa da haka, ko kuma ba ta tambayi kiredit biyar ba, to ya kamata a nemi sunanta a jerin jami'o'in da NUC ke wallafawa a shafinta kafin a miƙa mata kuɗi.