Girka Tukunyar Gas a Gonar Rani

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da dama a Arewa suka juya injinan ban-ruwansu zuwa iskar gas. Ga manoman kewayen madatsar ruwa ta Gubi da sauran fadamun Bauchi, akwai abin lura guda: gas ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. Idan ya tsiyaye ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya taru a wuri mai zurfi. Dalilin ke nan masu jiragen ruwa ke ajiye tukunya cikin akwati mai kafa a ƙasa, wadda ke fitar da gas zuwa wajen jirgi.

Haka ramin da manomi ke tonawa don kusantar da inji ga ruwa yake tara gas, tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya tayar da gobara. Saboda haka a ajiye tukunya a tsaye bisa doron ƙasa, cikin inuwa, nesa da ramin da salansa. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. Kumfa alamar yoyo ce. Kada a gwada da ashana. Bayan ban-ruwa, a fara rufe kan tukunya kafin a kashe inji. Malaman gona su duba wannan a kowace ziyara.