Mai Nakasa da Aikin Dare: Kada Ka Ajiye Aikinka Cikin Fushi

A asibiti, a masana'antun Sharaɗa da Bompai, a kamfanonin gadi da gidajen mai, jadawalin aiki juyawa yake yi: wannan mako safe, mako mai zuwa dare. Ga mai cikakkiyar lafiya gajiya ce kawai. Ga mai farfaɗiya kuwa, rashin barci yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma faɗuwa kusa da injin da ke gudu ba wasa ba ne. Mai dundumi da zarar magariba ta yi hanya ta ɓace masa. Wanda ke tafiya a keken guragu, wane mai adaidaita zai samu ƙarfe goma na dare? Da yawa irin waɗannan idan oga ya ce "in ba za ka iya ba ga hanya nan", sai su tattara kayansu su tafi, suna zaton ba su da ta cewa.

Suna da ta cewa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018. Dokar ta ba mai nakasa haƙƙin yin aiki daidai da kowa, ta kuma tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da aka kama da laifin wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga mutum ɗaya. Kuɗin yanzu ba su taka kara sun karya ba, amma babu kamfanin da ke son sunansa a takardar hukunci.

Sai dai a yi hattara da masu cewa doka ta haramta sa mai nakasa aikin dare. Ba haka ba ne. Dokar ƙwadago ta hana aikin dare a masana'antu ga mata, in ban da irin su ma'aikatan jinya, da kuma ƙananan yara, ba ta ambaci nakasa a wurin ba. Madogarar tana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda Najeriya ta amince da ita. Yarjejeniyar ta ce a yi wa mai nakasa sassauci gwargwadon hali a wurin aiki, muddin bai ɗora wa mai ba da aikin nauyin da ya wuce kima ba, kuma hana wannan sassaucin shi kansa wariya ne. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar wariya a wurin aiki da yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su. A Amurka ma a 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce mayar da ma'aikaciyar kantin magani aikin rana, saboda ta rasa ganin ido ɗaya ba ta iya tuƙin dare, yana iya shiga cikin irin wannan sassauci.

"Gwargwadon hali" ɗin nan shi ne wurin ja-in-ja. Asibiti mai ma'aikatan jinya talatin da wuya ya gamsar da alƙali cewa ya kasa musanya wa mutum ɗaya. Shagon da ya ɗauki mai gadi ɗaya tilo don gadin dare kuwa yana da hujjarsa.

Saboda haka kada ka fara da ƙin zuwa aiki, domin fashi ba izini dalili ne na kora, kuma za ka ba su wuƙa da nama. Je asibiti, zai fi kyau na gwamnati, likita ya rubuta maka rahoton da ya faɗi ƙarara cewa aikin dare yana cutar da kai. Rubuta takardar neman canji ka haɗa da rahoton, ka kai ofishin kula da ma'aikata, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Maganar fatar baki da oga a bakin ƙofa ba ta zama shaida. A cikin takardar ka kawo mafita da kanka: za ka ɗauki Asabar da Lahadi, ko ranakun salla, a madadin dare. Wannan yana kashe ƙorafin abokan aiki masu cewa an fifita ka, kuma su ma suna da iyali.

Babban tarko shi ne takardar murabus. Sau da yawa akan lallaba mutum a ce ya sa hannu "don a rabu lafiya". Da ka sa, labari ya koma kai ka tafi da ƙafarka. Ka nemi lokaci ka karanta, ka nuna wa ƙungiyar ƙwadagonku ko lauya. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya kai kuka Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa da ke Abuja, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam na jiharsa. Ka riƙa ɗaukar hoton jadawalin kowane wata a wayarka, ka adana takardar ɗaukar aikinka da duk saƙon da aka turo maka, kuma kada ka bari watanni su shuɗe kafin ka kai ƙara.