Na'urorin da ke kallon hasken da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa kai mai karaya asibiti daga Figil zuwa Garwa, aka ce a ɗauki hoto, ya san aikin hasken eksire: yana ratsa nama ya nuna ƙashi. Wani Bajamushe, Röntgen, shi ya gano shi a 1895. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, sararin samaniya ma cike yake da wannan haske. Yana fitowa ne daga wuraren da zafinsu ya kai miliyoyin digiri, kamar ragowar taurarin da suka fashe.

To, me ya hana shi cutar da mu? Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke shanye shi tun daga sama. Wannan rahama ce gare mu, sai dai ita ce kuma ta hana masana ganinsa daga ƙasa. Tilas sai an ɗaga na'ura ta wuce iskar.

A 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka a Amurka, suka gano irin wannan haske yana fitowa daga burujin Aƙrabu. Tauraron ɗan Adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki kuwa daga Afirka ya tashi: an harba shi daga gaɓar tekun Kenya ranar 12 ga Disamba, 1970, aka sa masa suna Uhuru, wato 'yanci da Swahili.

Akwai kuma wahalar madubi. Idan hasken eksire ya faɗa wa madubi kai tsaye, shigewa yake yi. Amma ku tuna yaro a bakin Binuwai: in ya jefa dutse a tsaye sai ya nutse, in ya wurga shi a kwance sai ya yi ta tsalle a kan ruwa. Haka aka ƙera madubin Chandra, da aka harba a 1999: kamar ganguna ne, wani cikin wani, hasken ya goge su a kaikaice har ya taru wuri ɗaya.

Kada wani ya ce wannan bai shafe mu ba. Rana kanta takan yi aman eksire, har rediyon gajeren zango ya ɗauke da tsakar rana, kuma irin waɗannan na'urori ne ke faɗakarwa.

Ɗalibai, mabuɗin wannan fanni lissafi ne da kimiyya. Ku riƙe su da kyau. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.