Uwargida, Kin Taɓa Ganin Takalmin Birkin Motarku?

Duk wadda ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ta san yadda Titin Zariya yake da safe. Ga motocin haya suna fitowa daga tashar Unguwa Uku za su Zariya da Kaduna, ga 'yan adaidaita sahu, ga 'yan makaranta suna tsallaka titi. A cikin wannan cunkoso, ko maigida ke tuƙi ko ke da kanki, abin da ke tsayar da motar nan wani ɗan abu ne da bai fi tafin hannu ba. Sunansa takalmin birki.

Ga yadda yake aiki. A bayan kowace tayar gaba akwai wani faifan ƙarfe mai juyawa tare da ita. Takalma biyu ne suka sa shi tsakiya, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki. Idan aka taka birki, sai man birki ya tura wani ƙarfe mai kama da awartaki, shi kuwa ya matse takalman a jikin faifan, kamar dai ki tsayar da faifai mai juyawa da tafukan hannunki biyu. Kaurin magogin sabon takalmi kamar milimita 10 zuwa 12 ne. Yau da gobe yana cinyewa, in ya koma milimita 3, watau ya ɗara tsinken ashana kaɗan, to lokacin sauyawa ya yi.

Cinyewa dole ce. Abin tsoro shi ne ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa. Kowace uwa ta san in takalmin yaro yana zaizayewa ta gefe guda, to a dubi tafiyarsa, don ko an sayo sabo haka zai yi. Na mota ma haka ne. Awartakin nan yana zamewa ne a kan ƙusoshi biyu da aka shafa wa giris, aka rufe da 'yar roba. In robar ta yage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, sai tsatsa ta kama, ƙusa ta cije. Daga nan sai takalmi guda ya yi ta gogar faifai shi kaɗai, ko da an ɗaga ƙafa daga birki.

To, ga inda ake ruɗuwa. Wanda ido ke hangowa ta tsakanin ƙarafan taya shi ne na waje, na ciki kuwa a ɓoye yake. Sau da yawa na waje yana nan da kaurinsa, na ciki ya ƙare har ƙarfe yana cin ƙarfe. Saboda haka leƙe kaɗai ba ya isa.

Ba sai kin zama bakanike za ki gane alamun ba. Na ɗaya, in an taka birki mota ta karkata dama ko hagu. Na biyu, ƙara mai tsini kamar ana wasa wuƙa. Na uku, taya guda ta fi 'yar'uwarta baƙar ƙura. Na huɗu, in kun sauka ki kai bayan hannunki kusa da tayoyin gaba, amma kada ki taɓa. In ɗaya ta fi zafi, ko kin ji ƙauri, to birkinta yana riƙewa.

In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kai mota gareji. Ki ce, "Malam, don Allah a cire tayoyin gaba duka biyu, a jera mini takalman nan huɗu a ƙasa." Gani ya kori ji. In kaurinsu ya zo kusan ɗaya, madalla. In guda ya fi sauran cinyewa, ko kuwa kansa ɗaya siriri ne ɗaya mai kauri kamar bakin gatari, to kada a tsaya ga sauya takalmi. A wanke ƙusoshin, a sa musu giris irin na birki, a sauya robar da ta yage, a kuma duba ko faifan ya yi zane. In ba haka ba, sabon ma ta nan zai cinye.

Har wa yau, ba a sauya na taya guda a bar ɗayar; dama da hagu tare ake yi. Wajen saye kuma, ko a Ƙofar Ruwa ko a shagon unguwa, a nemi mai kyau, domin araha ba ta ado. Kada a bar yaron gareji ya hure ƙurar birki da baki, tana cutar da huhu. In an gama, a tattaka birki har ya yi tauri kafin a tayar da mota.

'Yan makaranta, ga lissafinku. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata yakan ninka huɗu. Ku auna mita 28 a filin makarantarku ku gani. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa lalacewar birki cikin abubuwan da ke kawo haɗari a hanyoyinmu.

Wata za ta ce ai wannan aikin maza ne. To, su wa ke zama a kujerar baya? Mu ne da 'ya'yanmu. In maigida ya dawo ya ci abinci ya huta, ki tambaye shi cikin ladabi, "Maigida, yaushe rabon da a cire tayar nan a dubi takalmin ciki?" Allah ya kiyashe mu da mugun ji da mugun gani, amin. Sai mako mai zuwa.